DARASI: SADARWA TA GAYYA

'Yan'uwa manoma, a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro. Mutane suka kasa sanin farashin kasuwa, suka kasa kiran mai mota ya kai maras lafiya asibiti. Mu nan Madadi da kewayen Gwarzo da Kabo maƙwabtan Katsina ne, don haka ya kamata mu san wata hanya.

1. Yadda abin yake aiki

In muka kira wani, saƙon yakan je dogon ƙarfen kamfani tukuna. In ƙarfen ya tsaya, kowa ya yi shiru. Amma akwai wata dabara, watau waya ta miƙa wa waya ta kusa, ita kuma ta miƙa gaba, kamar yadda muke miƙa tubali hannu da hannu ranar gini. In ɗaya ta mutu, saƙon ya bi ta wata. Manhajar Briar tana aika saƙo ta Bluetooth ko da babu layi, amma zangonta gajere ne ƙwarai. Ƙananan na'urorin Meshtastic kuwa suna kai gajeren rubutu nisan kilomita da dama. Akan kulle saƙon, har masu miƙa shi ba su iya karantawa, sai mai shi kaɗai.

2. Waɗanda suka gwada

A ƙauyen Mankosi na Afirka ta Kudu, jama'a sun kafa ƙungiyar gama kai mai suna Zenzeleni, da taimakon Jami'ar Western Cape. Na'urorinsu suna aiki da hasken rana, an ajiye su a gidajen amintattun mutane, kuɗin da aka tara kuwa yana zama cikin gari. A nan gida, Gidauniyar Fantsuam ta Kafanchan ta kafa irin tata sadarwa. Guguwa ta taɓa ka da dogon ƙarfensu, suka sake ta da wani. Cibiyar CITAD ta Kano ma ta koyar da matasa wannan aiki.

3. Abin lura

Sayen na'ura ba shi ne wuya ba, riƙonta ne. Mun ga famfunan rijiya nawa da suka mutu don ba wanda aka ɗora wa gyara. Lalle ne a sami ma'aji mai gaskiya, da samari biyu da za su koyi gyara, da asusun sayen batir. A kuma sanar da dagaci, a nemi bayanin doka wurin hukumar NCC kafin a kafa kome, gama miyagu ma suna son hanyar da ba a jin maganarsu.

Tambayoyi don taron ƙungiya

(a) In layi ya ɗauke mako biyu lokacin kaka, me za mu yi asara?
(b) Gidan wa muka amince a ajiye na'ura?
(c) Nawa kowa zai iya zubawa a wata?