Amsoshin Tambayoyinku: Addini a Auren Yahudawa

Malama mai sauraronmu daga Zandam a jihar Jigawa, kin tambayi yadda addini ke riƙe auren Yahudawa. To, kafin a ɗaura, sai an rubuta takardar alkawari mai suna ketuba, shaidu biyu su sa hannu. A ciki miji ke ɗaukar nauyin ci da sutura da haƙƙin shimfiɗa, har da kuɗin da za a ba matar in ya sake ta ko ya rasu. A ganina nan ƙarfin yake, domin haƙƙinta a rubuce yake tun ranar farko.

Masu tsananin riƙo da addini kan ƙaurace wa juna lokacin haila da kwana bakwai bayanta, sai matar ta yi wankan tsarki. Wajen shekara ta 1000 kuma, malaminsu Gershom na birnin Mainz a Jamus ya hana Yahudawan yankin yi wa mace kishiya.