Idan an biya kuɗin zauren biki ta kati, wa ke da alhaki?

Mai zauren biki, kafin uwar amarya ta sa hannu a takardar yarjejeniya, ka tabbata ta san hanyar da kuɗinta zai bi. Sau da yawa takan biya kafin alƙalami da kati, saƙon banki ya shigo wayarta da sunan Paystack ko Flutterwave, ba sunan zaurenka ba, sai hankalinta ya tashi, ta zaci 'yan damfara ne suka yi mata ta'adi.

Ka yi mata bayani tun da wuri: "Hajiya, wannan kamfanin ɗan aike ne kawai. Shi zai karɓi kuɗin daga bankinki ya zuba a asusuna. Kujeru da janareta da ranar biki duk a wuyana suke." Irin waɗannan kamfanoni da lasisin Babban Bankin Najeriya suke aiki, amma ba da su aka ƙulla yarjejeniya ba. Saboda haka idan aka ɗage biki, kada ka ce mata ta je ta nemi kuɗinta wurinsu. Kai ka karɓa, kai za ka mayar, bisa sharaɗin da kuka rubuta.

Ladan kamfanin ma a rubuta wanda zai biya. Paystack, alal misali, yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a kan biyan cikin gida, amma abin ba ya wuce naira 2,000. Ke nan ko naira 500,000 aka biya, 2,000 za a cire. A ganina mai zaure ya haɗiye wannan, don bai kai a ɓata ciniki a kansa ba.

Inda aka fi samun tirka-tirka shi ne lokaci. Kuɗin da aka biya ta kati yakan iso asusunka ne washegari idan ranar aiki ce, na Juma'a kuwa sai Litinin. A tsakanin nan wani zai iya zuwa da tsabar kuɗi yana neman ranar. Ka rubuta ƙarara cewa an kama rana da zarar kamfanin ya tabbatar da biya, ba sai kuɗi ya sauka ba. Idan kuma an cire mata kuɗi amma biyan bai shiga ba, bankinta za ta tuntuɓa da lambar shaidar biyan, kai kuma ka riƙe mata ranar na wasu kwanaki da za ku ambata a takardar.