Hannun da Ya Daki Mace, Rumbu Ya Daka

'Ya'yana magidanta na ƙasar Dawakin Tofa, ku ba ni aron kunnuwanku. Malamai sun sha faɗa mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ba. Ni kuwa lissafin asara zan yi muku.

Kowa ya san a karkararmu gona kaɗai ba ta riƙe gida. Filaye sun tsuke, gādo ya rarraba su. Abin da ke cike giɓin yana cikin gida: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fura, ɗanwake, awakin da uwargida ke kiwo, da adashin da take zubi. Wasu matan kuma suna sammako zuwa kasuwar Dawanau, su yini suna tsintar riɗi da zoɓo, a biya su ladan ranar.

To, ranar da ka ɗaga mata hannu, me ya faru? Hannu ya kumbura, ba suya, ba daka. Masu saye sun koma maƙwabta. Zubin adashi ya wuce ta. Kuɗin taki ya tafi kemis, in abin ya yi muni sai asibiti a Kano, da kuɗin mota da na jinya. Ta yi yaji ana tsakiyar damina, ka bar noma kana zaryar biko. In magana ta kai gaban Hisbah ko alƙali, akuya ce za ta tafi kasuwa. In aure ya mutu, ta kwashe kayan ɗakinta da jarinta, yara su bar makaranta su kama talla, kai kuma ka shiga neman sadaki da lefe. A 2017 ma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya nemi a yi dokar iyali da za ta tsawata kan dukan mata.

Na san talauci na sa zuciya ta yi kusa. Amma duka bai taɓa kawo ko mudu ɗaya ba. In rai ya ɓaci, ka fita, ka yi alwala, ka kai ƙorafinka ga waliyyinta, ko liman, ko mai unguwa.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta zo da rauni, kada ku ce “koma ki yi haƙuri” kawai. Ku kai ta asibiti, ku kira mijin a gaban manya, a ja masa kunne.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya.