Darasi na Bakwai: Siffanta Ƙudan Tsando

Rubutun siffantawa yana bukatar lura da zaɓen kalmomi. Mu ɗauki misalin tsando, ƙudan da ke yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Jikinsa kashi uku ne: kai, ƙirji da ciki. Bakinsa tsini ne miƙe a gaba. Idan ya sauka, yakan ɗora fiffike kan fiffike kamar rufaffen almakashi, kuma jijiyoyin tsakiyar fiffiken suna fitar da siffar gatari. Makiyayin da ya kasa bambanta shi da ƙudan gida yana iya yin asarar garkensa.

Malami mai koyarwa a Unguwar Shanu yana iya kai ɗalibansa Cibiyar Binciken Sammore ta Nijeriya da ke Unguwar Rimi, Kaduna, su gan shi da idonsu.

Aiki: Kwatanta tsando da ƙudan gida cikin jimloli biyar.