Darasin Yau: Maganin Kitsen Jini Daga Tukunya Yake Farawa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya wani bawan Allah daga wajen Zango ya zo mini da takardar gwaji, likita ya ce kitsen jininsa, wato kolestirol, ya hau. Buƙatarsa in ba shi sassaƙen da zai narkar da kitsen a mako guda. Na tambaye shi me yake ci. Ya ce da safe ƙosai da shayi mai kauri, da rana shinkafa da mai, da dare tuwo da man shanu, sannan a biya wajen mai balangu. Na ce Alhaji, ko buhun sassaƙe na ba ka, tukunyar gidanka za ta rinjaye shi.

Shi wannan kitse ba baƙo ba ne a jiki. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, kuma jiki na buƙatarsa. Akwai mai kyau da likitoci ke kira HDL, akwai marar kyau, LDL. Idan marar kyau ya yi yawa sai ya riƙa liƙewa a bangon jijiya, hanyar jini ta ƙuntace. Ran da ta toshe, in a zuciya ne sai bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne sai shanyewar ɓarin jiki, mu kuma mu ce iska ce ta taɓa shi. Ba ya sa ciwon kai ko zazzaɓi, kuma siriri ma yana iya samunsa. Gwajin jini kaɗai ke nuna shi. Abin da ake so jimillarsa ta kasance ƙasa da 200 a ma'aunin mg/dL, wato kusan 5.2 a ma'aunin mmol/L. Wanda ya kai shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ko aka taɓa samun irin wannan a danginsa, ya je Babban Asibitin Daura ko wanda ya fi kusa da shi ya nemi a gwada.

Abin da za a rage: man shanu, kakide, manja mai yawa, kitsen nama, kayan ciki, fatar kaza, da duk abin da aka soya cikin man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Ban ce haramun ba ne, halal ne tsaf. Amma a Suratul A'arafi aya ta 31, inda aka halatta mana ci da sha, nan aka hana mu wuce gona da iri. Uwargida, in kin saba zuba ludayin mai, koma cokali biyu na man gyaɗa. Naman layya kuma a yanke kitsensa, a fi dafawa da gasawa a kan soyawa.

Abin da za a ƙara duk namu ne na gida: gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba, wake, kuɓewa, kuka, zogale, rama, kifi, gwaiba, da ɗan tafin hannu na gyaɗa ko riɗi. Wake da kuɓewa suna da wani sinadari mai yauƙi da ke kama kitsen a hanji ya fita da shi. Fura ma a sha, amma da nonon da aka kaɗe aka ɗebe mansa, ba kindirmo kullum ba, kuma a ja hannu da sukari.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Mu yanzu ko masallacin unguwa sai a kan babur. Bayan Asuba ka taka da ɗan sauri har gumi ya tsatso, manomi kuma ya tafi gona da ƙafa in ba nisa. Mai shan taba ya daina, domin tana rage kitse mai kyau, tana lalata jijiya. Azumin Litinin da Alhamis alheri ne, in dai ba a rama da soye-soye wajen buɗa baki ba. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likita.

Tafarnuwa, habbatus sauda da zoɓo, da su muke aiki, amma amana ce in faɗa muku mataimaka ne kawai. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya ajiye ta don yana shan nawa, kuma ya gaya wa likitan duk abin da yake sha. A riƙe wannan tsari wata 3, sannan a sake gwaji. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa. Wallahu a'alam.