Amsoshin Tambayoyinku: Ina Wuni Ina Daka, Wane Motsa Jiki Kuma Zai Rage Mini Ciwon Mara?

Tambaya:  Shekarata 19, ina aure a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Tun da na fara al'ada nake fama da ciwon mara, ranar farko har amai nake yi, ko tsintsiya ba na iya ɗauka. A gida an ce in na yi aure zai daina, ga shi na shekara a ɗakina bai daina ba. Na ji a rediyo wai motsa jiki yana maganinsa. To Anti, ni da nake wuni ina daka da surfe da wanki, wane motsa jiki ne kuma ya rage mini? Ga shi ba na fita sai da dalili.

Amsa:  Sannu, Allah ya yaye miki. Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne, sai dai akwai sharuɗɗan da ba a cika faɗa ba, kuma su ne kan maganar.

Mahaifa tsoka ce. Kowane wata tana yin shimfiɗa a cikinta don jiran ciki, idan bai samu ba sai ta zubar. Lokacin zubarwar, shimfiɗar tana sakin wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin, shi ne ke sa mahaifa ta riƙa matsewa kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke matsar tunkuza don mai ya fito. Idan sinadarin ya yi yawa sai matsar ta yi tsanani, hanyoyin jinin da ke ciyar da tsokar su tsuke, wannan shi ne murɗawar da kike ji. Yana kuma shiga jini ya taɓa hanji, shi ya sa ake amai ko gudawa. Irin wannan ciwon yakan soma cikin shekara ɗaya ko biyu da fara al'ada, ya zo tare da jinin ko gab da zuwansa, ya lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Yadda kika bayyana naki ya yi kama da shi, kuma shi ne wanda motsa jiki ke yi wa aiki.

A 2019 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken likitoci tana tacewa, ta fitar da nazari a kan wannan batu, ƙarƙashin jagorancin Mike Armour na Jami'ar Western Sydney a Ostareliya. Sun duba gwaje-gwaje 12 da aka yi da mata 854, akasarinsu 'yan ƙasa da shekara 25. Idan aka auna ciwo daga 0 zuwa 100, na masu motsa jiki ya sauka da kusan 25 idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi komai ba. Wannan ragi ne da mace za ta ji a jikinta. Masu nazarin da kansu sun ce hujjar ba ta gama ƙarfi ba domin gwaje-gwajen ƙanana ne, amma tunda abu ne da ba a biya kuma ba ya cutarwa, ban ga dalilin jira ba. Masana na danganta amfanin da ƙaruwar gudun jini a mara, da sinadaran kashe zogi da jiki ke saki da kansa idan ya motsa.

Ga sharaɗin da ya fi kowanne: waɗannan matan ba ranar ciwo suka tashi suka fara ba. Sun riƙa yin minti 45 zuwa 60, sau uku ko fiye a mako, duk tsawon wata, yawanci na mako 8 zuwa 12. A wasu gwaje-gwajen ma cewa aka yi su huta a kwanakin al'ada. Ke nan aikin na kwanakin tsarki ne, ribar kuma ta zo a kwanakin jini. Wadda ta yi kwana uku ta ce ba ta ga canji ba, ba ta fara ba tukuna.

Sai maganar daka. Ba zan raina ta ba, duk wadda ta taɓa ɗaga taɓarya ta san aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke ɗaga numfashi, kuma aikin gida da na gona suna cikin lissafi. Matar da ke sussukar gero da kaka, ko mai jan guga a rijiya tana ɗauko tulu daga nesa, ta cika nata har da ƙari. Amma ki zauna ki lissafa wuninki tsakaninki da Allah. Surfen minti nawa ne kafin a ba yaro ya kai inji? Ruwa ke kike ɗebowa ko kawo miki ake yi? Yawancin sauran aikin a zaune yake ko a sunkuye: kina kan kujera 'yar tsugunno gaban murhu, kina duƙe kan bahon wanki, kina shara da gajeriyar tsintsiya. Wannan yana gajiyarwa ƙwarai, yana ƙage ƙugu da baya, amma ba ya sa zuciya ta yi aiki na tsawon lokaci a jere. Gajiya daban, motsa jiki daban. Kuma yarinyar da ta saba takawa zuwa makaranta ko Islamiyya kullum, ranar da aka kai ta ɗaki tafiyar nan take yankewa.

Na san ƙasarku. Gona manne da gona, gida kusa da gida, babu inda matar aure za ta fita sassarfa ba a gan ta ba, kafin ta dawo labari ya zaga gari. Ba sai kin fita ba, tsakar gidanki ya wadatar. Bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, ki riƙa zagaya shi da tafiya mai sauri kina kaɗa hannu. Ma'aunin shi ne ki kai inda kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Ki fara da minti 15, kina ƙarawa har ki kai rabin awa ko fiye. In tsakar gidan na haɗaka ne kina jin nauyin faccaloli, ki shiga ɗaki ki saki labule ki kunna rediyo ki taka rawa, ko ki yi tsallen igiya. Rawa tana cikin abubuwan da aka gwada a wancan nazarin.

Daga nan ki shimfiɗa tabarma ki ba miƙa minti goma. Ki kwanta rigingine, ki rungumo gwiwoyinki biyu zuwa ƙirji, ki ja numfashi a hankali sau biyar, ki saki. Ki kafa tafin ƙafafunki a ƙasa, ki ɗaga ƙugunki sama har cinya da ciki su miƙe, ki ƙirga biyar, ki sauke, ki maimaita sau goma. Sannan ki durƙusa kan gwiwa da tafin hannu, ki gantsare bayanki, ki kuma ƙudundune shi sama, a hankali. A ƙarshe ki zauna kan dugaduganki, ki kifa goshi a tabarma, ki miƙa hannuwa gaba. Wannan na ƙarshen ko a ranar ciwon yana daɗi.

Ranar da jinin ya zo, ki bi jikinki. In kina iya 'yar tafiya ki yi, in ba ki iyawa ki kwanta. Ki zuba ruwan zafi a kwalba, ki naɗe da zani ki ɗora a mara. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2001 ya nuna ɗumi mai ɗorewa a mara yana rage ciwon kamar yadda ibuprofen ke yi. Shi ibuprofen ɗin yana hana jiki yin wancan sinadarin ne, don haka ya fi aiki idan aka sha da zarar ciwon ya soma, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma, ko wadda ke zaton tana da ciki, kada ta sha sai ta tambayi ma'aikacin lafiya. Kada ki yarda a haɗa miki ƙwayoyi barkatai a kemis, balle taramol ko allurar kashe zogi duk wata. Jar kanwa da ake jiƙa wa 'yan mata ma ban goyi bayanta ba, gishirinta ya yi yawa.

Motsa jiki ba ya ƙara zubar jini, ba ya sauko da mahaifa, ba ya hana ɗaukar ciki. Aure kuwa ba magani ba ne. Abin da iyayenmu suka lura da shi shi ne ciwon yakan yi sauƙi bayan haihuwa da kuma ƙaruwar shekaru, sai aka jingina wa aure.

Akwai ciwon marar da tabarma ba ta yi masa komai, domin wata cuta ce a ƙarƙashinsa. In ciwon yana ƙaruwa wata bayan wata, ko yana farawa kwanaki kafin jini ya kuma zarce bayansa, ko kina jin zafi wajen kwanciyar aure, ko akwai ruwa mai wari da zazzaɓi, ko jinin ya wuce kwana bakwai yana zuba da gudaji har kina ganin jiri, to asibiti za ki. Yana iya zama ciwon sanyi da ya hau mahaifa, ko ƙarin mahaifa, ko endometiriyosis, wato irin shimfiɗar nan ta tsiro a wajen mahaifa, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa. In kuma kin yi ɓatan wata sannan ciwo mai tsanani ya kama ki a gefe ɗaya, kada a kwana, yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

Ke da ciwon ke sa ki amai, kuma kin shekara a ɗaki, ina so a duba ki ko da sau ɗaya ne. Ki je Babban Asibitin Ɗambatta a ranar aiki, kada ki bari sai Lahadi don ki haɗa da kasuwa. In sun ga da buƙata za su tura ki Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo, da kwanakin ciwo, da ranakun da kika motsa jiki, har wata uku, ki tafi da shi idan za ki koma asibitin.

Ki karanta wa maigidanki wannan amsa. Malam, ciwon nan ba raki ba ne ba kuma ƙiwa ba. Ka ba ta rabin awarta a tsakar gida, ka yi wa Inna bayani don kada a ce amarya ta fara tsalle-tsalle, ka kuma kai ta asibiti a wannan watan.