Ajiyar Kwalekwale Da Rani

Yaran Lafani, kun san Tafkin Kalmalo, a nan ƙasar Illela. In rani ya yi, ruwa ya janye, sai masunci ya jawo kwalekwalensa tudu. Ba ya barinsa a ƙasa, saboda gara. Yakan kife shi bisa duwatsu a inuwa, kada rana ta tsaga katakon.

Amma babban abokin gabansa ɓera ne. Ɓera yakan bi ƙarnin kifi, ya shiga ya gaigaye taru. Taru kuwa tsada gare shi! Don haka masunci yakan wanke jirgin sarai, ya rataye tarun a ɗaki. In ya ɗaura fitila mai batir domin kamun kifi da dare, sai ya kwance wayarta ya adana, gama ɓera har waya yake ci.